Ranar da Aksul Ya Karye: Ƙaddara da Lodi a Fadamar Haɗeja

Daga watan Nuwamba, idan ruwan kogin Haɗeja ya fara janyewa daga fadama, sai wasu hanyoyi da ba sa cikin taswirar kowa su farfaɗo. Sawun taya ne kawai, ya ratsa tsakanin jigawa da kwari, daga gonakin shinkafa na Auyo da Guri da Kiri Kasamma har bakin kwalta. Ta nan amalanken shanu, da tarakta mai jan tirela, da tsofaffin akori-kura, da Hilux, da kanta suke fito da amfanin gona. Ƙasar wurin kuwa akwai yaudara. Samanta ya bushe ya tsattsage, amma kamu ɗaya ƙasa da haka taɓo ne da bai san damina ta wuce ba. Mota ta hau da buhu talatin, ɓawon ya fashe, tayoyin baya su nutse har aksul, wato ƙarfen nan da ke riƙe da tayoyi yana juya su.

Abin da ke biyo baya kowa ya haddace shi. A nemo sarƙa ko igiya, a ɗaura a bamba don ita ce kusa da hannu, wata motar ko tarakta ta ja baya ta ɗauko gudu ta fizga. Wani lokaci motar ta fito, a yi shewa. Wani lokaci bamba ce kaɗai take fitowa, motar na nan inda take. Ranar da abin ya zo da ƙarar kwana, ƙugiya ta tsinke ta tashi sama ta sami yaron mota, ko a ji ƙas daga ƙarƙashi, taya ta kwanta. Daga nan sai maganar da ake rufe taro da ita: tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa, haka Allah Ya ƙaddara.

Maganar gaskiya ce. Imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, rukuni ne cikin rukunan imani shida, kuma babu Musulmin da zai ce wani ƙarfe ya karye ba da sanin Allah da nufinSa ba. Abin tambaya shi ne ko wannan gaskiyar ta isa ta sallami kowa: wanda ya yi lodin, da wanda ya ɗaura sarƙar, da mai motar da ke gida yana jiran balas.

Kafin a je zauren malamai, gara a fara tsayawa a garejin bakanike.

Hilux irin wadda ta cika ƙasar nan nauyinta ya kai kusan tan 2, kuma abin da kamfanin Toyota ya yarda ta ɗauka bai wuce kimanin tan 1 ba, har da direba da fasinja. Buhun masara mai kilo 100 guda goma ke nan, an gama. Ja kuwa, sababbin samfurinta an yarda su ja har tan 3.5, amma da sharaɗin tirelar tana da birkinta; idan ba ta da shi, kilo 750 ne iyaka. Yawancin tirelolin da masu walda ke haɗawa a ƙauyuka ba su da birki ko na magani. Akwai kuma wani bambanci da direbobi da yawa ba su damu da shi ba. A Hilux, shaf ɗin da ke juya tayar baya shi ne kuma yake ɗauke da nauyin da ke kanta, don haka in ya karye taya na iya ficewa gaba ɗaya. A Land Cruiser akori-kura da manyan motoci, bututun aksul ne ke ɗaukar nauyi, shaf juyawa kawai yake yi. Motoci biyu ne masu kama da juna a ido, amma ba jimirinsu ɗaya ba.

Batun janyo motar da ta kafe ma yana da lissafi. Ƙa'idar da ake koya wa sojojin Amurka masu aikin janwe ita ce, motar da ta nutse iyakar taya tana buƙatar ƙarfin ja daidai da nauyinta, wadda ta nutse har jiki kuma ninki biyu. Hilux mai tan 3 na kaya a bayanta ta zama tan 5. Idan taɓo ya kai mata jiki, ana maganar tan 10 ke nan. Bamba kuwa falle ne na ƙarfe da roba, an kafe ta da 'yan kusoshi, an ƙera ta ne don ta lotse ta shanye duka idan an yi karo. Ko bambar bututu mai kauri da masu walda ke yi, ƙarfinta bai wuce na kusoshin da suka haɗa ta da shasi ba. Wurin ɗaura sarƙa na ainihi yana jikin shasi. Magani mafi sauƙi kuma shi ne a sauke kayan, motar ta koma tan 2, a haƙe gaban tayoyi, a ja a hankali. Sai dai sauke buhu talatin da mayar da su kuɗin 'yan dako ne sau biyu, ga rana tana faɗuwa, ga kasuwa gobe.

Duk wannan mai sauƙi ne: an ɗora wa abu fiye da ƙarfinsa, ya karye nan take, kowa ya ga dalili. Mai wuyar shi ne aksul ɗin da ke karyewa a kan kwalta sumul, da rana tsaka, motar ɗauke da buhu biyar kacal. A nan ne harshe ya fi saurin cewa ikon Allah, domin ido bai ga sababi ba.

Turawa ma sun daɗe cikin wannan ɗimuwa. Ranar 8 ga Mayu, 1842, jirgin ƙasa da ya taso daga Versailles zuwa Faris ya yi hatsari a Meudon bayan aksul ɗin kan jirgin ya karye. Wuta ta kama taragai, mutum fiye da 50 suka mutu.  Sai a tsakanin shekarun 1850 da 1870 wani injiniyan jirgin ƙasa Bajamushe, August Wöhler, ya ƙera injin da ke juya sandunan ƙarfe ƙarƙashin nauyi dare da rana yana ƙirgawa. Ya gano cewa nauyin da ba zai karya ƙarfe a tashi ɗaya ba, yana iya karya shi idan aka yi ta maimaitawa, kuma akwai wani mizani wanda in ba a haye shi ba, ƙarfen zai yi juyi miliyoyi lafiya lau. Abin da ake kira gajiyar ƙarfe ke nan. Shaf yana juyawa, gefen da yake sama yanzu ya koma ƙasa, ana miƙar da shi ana matse shi. Tayar Hilux tana yin wajen juyi 400 a kowace kilomita, wato 40,000 a tafiyar kilomita 100. In lodi ya haye mizani, wani ɗan tsagu da ido ba ya gani zai buɗe kusa da boris, kowace tafiya ya ƙara ci gaba kaɗan, har ranar da ragowar ƙarfen ba zai iya da ko buhu biyar ba.

Ashe aksul ɗin da ya karye yau, tun kakar bara ake karya shi. Hannaye da yawa ne suka yi aikin, kuma mai yiwuwa wanda abin ya fashe a hannunsa shi ne mafi ƙarancin laifi a cikinsu.

Akwai wata dabara da ta zama ruwan dare a gareji, wadda ta ƙara dagula lamarin. Idan mota ta fara zama da gindi saboda kaya, sai a ƙara mata ganyen sifirin biyu ko uku. Ta miƙe tsaf, mai ita ya ce yanzu ta zama ƙarfe. Amma shaf da boris da birki suna nan yadda kamfani ya yi su. Zaman da motar take yi da gindi shi ne kaɗai kukan da take iya yi, an kuwa toshe mata baki.

To, me malaman tauhidi suka ce game da sababi? Littafin Ummul Barahin na Shehu Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490, an daɗe ana karanta shi a zaurukan ƙasar Hausa. Koyarwar da ɗalibi ke tashi da ita daga wannan makaranta ita ce hukunci iri uku ne: na shari'a, na hankali, da na al'ada. Ƙonawar wuta da yankan wuƙa hukuncin al'ada ne. An san su ta hanyar maimaituwa, ba wutar ce ke halittar ƙuna ba, Allah ne Yake halittarta a yayin haɗuwar, kuma in Ya so sai Ya saɓa, kamar yadda wuta ta ƙi ƙona Annabi Ibrahim. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kafa wannan hujja da misalin wuta da auduga, Ibn Rushd na Andalus ya yi masa raddi daga baya yana ganin musun sababi rushe ilimi ne. Mai lodi da ya taɓa zama gaban malami zai iya ɗaukar rabin wannan karatu ya yi gaba: tunda ba nauyi ne ke karya ƙarfe ba, Allah ne, a ƙara buhu biyar.

Gazalin da kansa ya toshe wannan ƙofa. A babin tawakkali na littafinsa Ihya'u ya kasa sababai gida uku: na yaƙini, na rinjayen zato, da na wahami kawai. Barin na farko a wurinsa ba tawakkali ba ne ko kaɗan. Wanda ya zauna gaban abinci yana jiran ƙoshi ba tare da ya miƙa hannu ba, hauka ya kira abin da yake yi. Cikin misalan da ya kawo na abin da aka hana har da kwana a ƙarƙashin katangar da ta karkata, da kwana a magudanar ruwan kwari. Mutumin Auyo ko Guri ba ya buƙatar a yi masa sharhin misali na biyun. Yiwuwar Allah Ya saɓa al'ada magana ce game da ikonSa. Ba lasisi ba ne da aka ba bawa ya tsara harkarsa a kan mu'ujiza.

Amma a yi wa direba adalci, domin yana da hujjar da ta fi wannan ƙarfi. Zai ce: kun ce al'ada ana saninta da maimaituwa. To ni na maimaita. Shekara uku ina ɗora wa motar nan buhu talatin ina kai wa kasuwar Gujungu, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Al'adar da na sani ita ce tana kaiwa. A nan ne gajiyar ƙarfe ta zama matsalar falsafa, domin kowace tafiya da aka dawo lafiya tana ƙara wa direba yaƙini, tana kuma rage wa ƙarfen kwana. Shaidar da yake tarawa da hatsarin da yake tarawa tare suke girma. Kuskurensa ba a imani yake ba, a wurin da ya je neman al'adar yake. Al'adar Allah game da ƙarfe ba a karanta ta a tafiyar mutum ɗaya. Ana karanta ta a motoci ɗari cikin shekaru goma, kuma an riga an karanta, an rubuta sakamakon a ɗan allon da ke manne a jikin ƙofar motar. Wanda bai yarda da allon ba, ya leƙa bayan kowane gareji a Haɗeja ko Malam Madori ya ga tarin karyayyun shaf.

Sayyidina Umar ya fuskanci irin wannan muhawara a kan hanyarsa ta zuwa Sham lokacin annobar Amwas. Da ya yanke shawarar komawa Madina, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya amsa cewa daga wata ƙaddarar ake gudu zuwa wata, ya kuma buga misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora su, amma ba wanda zai ce zaɓin biyu daidai suke. Buhu goma ƙaddara ce, buhu talatin ma ƙaddara ce.

Malaman fiƙihu kuwa ba su tsaya dogon zance ba, kai tsaye suka tafi ga tambayar wa zai biya. A mazhabar Malikiyya, wanda ya yi hayar dabba a kan wani kaya sananne, ya ƙara mata abin da irinsa ke halaka dabba, ta kuwa halaka, to mai ita yana da zaɓi: ya karɓi kuɗin hayar ƙarin, ko ya karɓi ƙimar dabbarsa. Ba a karɓar uzurin cewa kwananta ne ya ƙare, alhali kowa ya yarda kwanan nata ne ya ƙare. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kusan duk ɗalibin zaure ya bi ta kanta, ta ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mai korarta da mai janta da mahayinta. An kuma ruwaito Umar ya doki wani mai raƙumi don ya ɗora masa abin da ba zai iya ba.

Wani zai ce raƙumi rai gare shi, ƙarfe kuwa ba ya jin zafi. Haka ne, ba a zaluntar shaf. Haƙƙin ya tashi ne daga kan abin hawa ya koma kan mutanen da ke kewaye da shi: 'yan kasuwar da ke zaune a saman buhuna, yaron da aka ce ya tsaya kusa da sarƙa ya ga ko ta kama, mai babur da ke tahowa lokacin da taya ta fice. A fadama ma dai ba a rabu da dabbar ba. Amalanke da yawa an ɗora su ne a kan tsohon aksul ɗin mota, ga bijimai biyu a gaba suna ja cikin rairayi, a nan hukuncin biyu suka haɗu a kan kaya ɗaya.

Ba wai direbobi ba su san komai ba. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Sawu biyu man sawu biyu ne. Mai mota ya yanka abin da za a kawo masa, manomi yana son kayansa su fita kafin farashi ya faɗi, ɗan kamasho yana cin riba ne a kan yawan buhu. Direban da ya ce goma zai ɗauka zai wuni a tasha. Wannan matsi gaskiya ne, kuma yana rage wa direba kaso cikin zargi. Sai dai kason da aka rage masa ba ya tashi ya bi iska, yana sauka ne a kan waɗanda suka matsa masa.

Hanya ma tana da nata haƙƙi, don ita dukiyar kowa ce. Gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan aka ninka nauyin da ke kan aksul sau biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta tana ninkuwa kusan sau 16.  A ƙasar Haɗeja, inda ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, inda ambaliya irin ta 2022 ke kwana a gindin titi har ta yanke shi, kwalta tana zaune ne a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Babbar mota ɗaya mai lodin wuce kima ta bi ta kai, ramin da ta bari shi zai karya sifirin motar wani.

Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Brunei a 1993 ta duba hatsarin mota. Ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, ta ambaci iyakar gudu da iyakar lodi a cikinsu, ta kuma ce ba a sauke wa direba alhaki sai in abin ya zo ta hanyar da ba zai iya karewa ba, ko kuwa laifin wanda abin ya shafa ne ko na wani daban. Wannan bai hana iyalan mamaci su yafe diyya ba, kuma a ƙasar Hausa yawanci yafewa ake yi. Alheri ne da ke da lada. Faɗin ƙaddara a gidan makoki ma yana da muhallinsa, shi ke sanyaya zuciyar uwa. Malamai dai sun bambance: ana kafa hujja da ƙaddara a kan musibar da ta sami mutum, ba a kan laifin da ya aikata ba. Abin da ake yawan mantawa kuma shi ne yafiyar iyali ba ta ɗauke kaffarar kisan kuskure da aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta wajabta, wadda a yau ta koma azumin wata biyu a jere. Direbobi nawa ne suka ji an ce an yafe, suka ɗauka an gama?

Saura mas'alar buhu biyar. Direba sabon ɗauka, lodinsa daidai, gudunsa daidai, shaf ya karye, rai ya salwanta. Ƙa'idar da majalisar ta Brunei ta bi ita ce, idan wanda ya aikata da hannunsa da wanda ya zama sanadi suka haɗu, alhaki na kan na farko, sai fa idan mai sanadin ne ya ƙetare iyaka shi kuwa wancan bai ƙetare ba. Bisa wannan, ido zai koma kan mai motar da ya shekara yana sa a yi mata lodin tirela, ya kuma miƙa makulli bai faɗa ba. Matsalar ita ce shaida, kuma shaidar tana nan. Bakin karyayyen shaf kashi biyu ne. Inda tsagun ya daɗe yana ci yakan yi santsi, ya yi duhu, da layuka a jere masu lanƙwasa. Inda ya ɓalle a ranar kuwa yakan fito da kaushi da haske. In santsin ya cinye yawancin bakin, kaushin ɗan kaɗan ne, to ƙarfen ya daɗe da mutuwa kuma nauyin ranar ba shi da yawa. In duk bakin kaushi ne ko ya murɗe, fizga ɗaya ce ta yi aikin. Gogaggen bakanike yana iya karanta wannan, kamar yadda alƙalan da suke kiran masana dabbobi su faɗi ko aibin da aka gani a jikin doki tsoho ne ko a hannun mai saye ya faru. Jigawa tana da kotunan shari'a a kowace masarauta, kuma babu abin da ya hana alƙali a Haɗeja ya nemi a kawo masa guntun shaf da wanda zai duba shi. A aikace, kafin a yi sadakar uku an sayo wani shaf ɗin na hannu daga Kano an ɗaura, tsohon kuma 'yan gwangwan sun auna shi a sikeli sun biya kuɗin kilo.